Ranar Shuka a Cikin Rumbu

Ruwan shuka ya sauka a Tudun Gawo ranar Litinin kafin asuba, irin ruwan nan da za ka tura hannu cikin ƙasa har gwiwar hannu ba ka taɓo busasshe ba. Gari na wayewa ƙauyen ya watse gona, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoƙon iri, har tsofaffin da suka daɗe ba su wuce ƙofar gida ba sai da aka ɗora su a amalanke. Tudun Gawo ƙauyen Hausawa Kirista ne a bayan duwatsun Roni, ƙasarsa jigawa ce, ba ta riƙe danshi. Wanda bai yi shuka yau da gobe ba sai ya jira wani ruwan, shi kuwa ruwa ba ya sa rana.

Liyatu ta fito da sungumi ta jingine a bakin ɗaki, sai ta tarar da mijinta yana goge kujerar babur.

"Baban Tabita, ina kuma za a?"

Malam Filibus shi ne mai bisharar ƙauyen. Tun da aka ƙara masa ƙananan majami'u uku tsakanin Roni da Gwiwa, shekara biyu ke nan, babur ɗin nan ya fi matarsa sanin inda yake wuni.

"An kira ni daga hayi," in ji shi. "Mairo ta ɗaure kaya za ta bar gidan mijinta. Zan biya in ɗauki Baba Sama'ilu. In ba mu je yanzu ba, auren nan ya mutu."

"To iri fa? Yana cikin rumbu."

"Kafin rana ta yi zafi na dawo."

"Haka ka ce ranar sharar gona."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya kara a kunne yana cewa, "Ga ni nan, ku riƙe ta, ga ni nan," ya taka babur da ƙafa ɗaya. Liyatu ta ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar injin.

"To, in ka dawo ba ka same ni ba, kada ka yi mamaki!"

Gona take nufi. Ya ɗaga mata hannu bai waiwayo ba.

A Tudun Gawo mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Al'ada ce tun ta kakanni. Bishara ta zo ta kawar da abubuwa da yawa a ƙauyen, amma wannan ta tarar da ita ta bar ta. Matar da aka gani a bakin rumbu, ɗayan biyu za a ce: ko tana sata, ko mijinta ya gaza. Miji ne ke shiga, mata ta tsaya a ƙasa ta karɓi dami.

Ga Liyatu da Filibus kuwa, nan ne dandalinsu. Lokacin da tsohuwarsa ke da rai, kunya ba ta barin su zauna tare a tsakar gida, don haka kowace safiyar Juma'a sai ya shiga rumbun ƙasar nan da ke bayan ɗakuna, ita kuma ta jingina da bango daga waje, su yi ta magana ba mai ganin fuskar wani. Abin da ido da ido ba ya faɗuwa, a nan yake fita. A nan ta gaya masa tana da cikin Tabita. A nan ya gaya mata yana so ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, yana da shekara talatin da biyar, bai ma iya rubuta sunansa sosai ba. In ta ji takun tsohuwa, sai ta ƙwanƙwasa bango sau uku da awarwaronta, ya yi shiru. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Wai geron nan saiwa ya yi ne, ake ta fama?"

Tsohuwa ta rasu, Tabita ta yi aure a Kazaure, ƙannenta suna makarantar kwana. Gida ya zama nasu su biyu, babu sauran wanda za a ji wa kunya, sai kuma hirar ta ƙare. Yanzu kafin ta tashi ya shiga ya fito, sai dai ta ga dami a ƙofar kicin da sawun taya.

Ta jira har hantsi ya dubi ludayi. Ta share tsakar gida, ta cika tuluna, ta fita ƙofar gida sau uku. Ƙauyen tsit, ko kare babu. Daga nesa tana jiyo hayaniyar masu shuka. Ta sunkuya ta taɓa ƙasa, ta ji saman har ya fara yin gari.

Ta ce a ranta, wa zai gan ni?

Ta jawo tsani, gungumen giginya mai sara-sara, ta jingina da rumbu, ta tamke zane ta hau. Da ƙyar ta ture jinkar da ke rufe bakin gefe guda. Ta leƙa, ba ta ga komai ba, rana ta riga ta kashe mata ido. Amma ta san abin da aka zuba da kaka, ta kuma san abin da tukunyarta ta ci. A lissafinta dammuna sun kai rabin rumbu. Ta zura ƙafafu, ta rataye da hannuwa tana laluben gero da yatsun ƙafa. Ba ta taɓo ba. Ta ce saura ƙiris, ta saki.

Ba ƙiris ba ne. Ta faɗa har ƙasa, ƙafar dama ta lanƙwashe a ƙarƙashinta, wani zafi ya taso mata daga idon sawu har ƙeya. Ta daɗe a kwance tana cizon leɓe.

Da idonta ya saba da duhu, sai ta ga rumbun wayam. Dami biyar ne a jingine da bango, na shida shi ne na iri, an ɗaure shi da jan ƙyalle kamar yadda suke yi kowace shekara. Ta ɗaga kai. Bakin rumbun yana can sama kamar faifai, bangon kuma ya tsuke zuwa wuya, sumul, babu inda yatsa zai kama. Sai a lokacin ta tuna yadda Filibus ke fita: igiya ce mai ƙulli-ƙulli yake ɗaurawa a reshen darbejiya ya zuro ciki. Ta kuma tuna inda ta ga igiyar da safe, a naɗe a bayan babur.

Ta jera dammunan ɗaya kan ɗaya, ta hau da gwiwa, ta miƙe a kan ƙafa ɗaya. Saura kamu guda hannunta ya kai. Ta yi ɗage, dammunan suka zame, ta sake dirowa a kan ƙafar nan. Wannan karon sai da ta yi ƙara.

"Jama'a! Akwai mutum a kusa?"

Zakara ne ya amsa mata daga gidan maƙwabta.

Rana ta yi ta hawa. Bangon da ya sha ruwa ya fara tururi, ƙaiƙayi ya bi gumi ya shiga wuya da hammata, tana susa yana ƙaruwa. Ta yi kira har maƙogwaro ya fara kartawa, sannan ta ce bari ta adana muryar, ai ya ce zai dawo.

Wajen tsakar rana ta ji babur. Ta buɗe baki za ta yi kira, sai ta ji tarin tsoho. Baba Sama'ilu ne, babban dattijon ikilisiya, wanda ya ɗaura musu aure. Ta rufe bakin. In Baba ya zagayo ya ga matar mai bishara a cikin rumbu, ya kuma ga rumbun babu komai, kafin Lahadi magana ta gama majami'u huɗu. Ba ita za a yi wa dariya ba, shi za a yi wa. Ta ce bari ya sallami tsohon, minti nawa ne?

"Maman Tabita!" Filibus ya yi kira daga tsakar gida. "Maman Tabita!"

"Ko tana gona?" in ji Baba Sama'ilu.

"Ta gonar na biyo da mu, Baba. Ba ka ga ko rami ɗaya ba a sara ba? Ga ma sungumin a jingine."

"Rijiya fa?"

"Tuluna a cike suke."

Ta ji ya shiga ɗaki, ta ji yana ta buɗe-buɗe, ya fito.

"Zanenta na zumuntar matan majami'a ba ya nan. Takalmin fitarta ma babu."

Suna cikin akwati, bawan Allah, ta ce a ranta. Wata nawa da na mai da su ƙarƙashin gado?

Da ya sake magana, muryar ba irin wadda yake wa'azi da ita ba ce.

"Baba, da safe ta faɗa mini wata magana. Ta ce in na dawo ban same ta ba, kada in yi mamaki."

"Kai kuma ka ce mata me?"

"Ina kan waya."

"Uhm." Tsohon ya yi tari. "Malam, mun je mun kashe gobarar wasu, ashe ka bar tukunya a wuta. Yaushe rabonka da ka zauna da yarinyar nan? Ba cin tuwo a tsaye nake nufi ba."

Liyatu ta kasa kunne. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa yin yaji ba, ko da wasa, amma tana son jin amsar nan.

"Gaskiya, Baba, ban iya tunawa ba."

"Kai da ka tsare mijin Mairo ɗazu kana karanta masa aya har yana hawaye?"

Ta ji Filibus ya ja hanci. Abin da ba za ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a cikin zafin nan da raɗaɗin ƙafar nan, wani sanyi ya ratsa ta. Ta ce bari ya ɗan ɗanɗana. Wannan jinkirin ne ya cuce ta.

"Gwiwa za ta, gidan yayanta Barnaba," in ji Filibus. "Babu inda za ta sai can."

"To me kake jira? Tashi. Ka sauke ni a gonata."

Takunsu ya nufi ƙofa da sauri. Sai a nan Liyatu ta gane ba rakiya zai yi ya dawo ba. Ta dafa bango ta miƙe.

"Baban Tabita!"

Daidai lokacin ya taka babur. Injin ya yi gurnani ya haɗiye muryarta. Ta tara duk abin da ke ƙirjinta, ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan.

"Filibus! Filibus!"

Ƙarar babur ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace bayan duwatsu.

Rana ta tsaya cak a bakin rumbu ta zubo ciki kamar an tuntsurar da garwashi. Liyatu ta maƙale a jikin bango, ta lulluɓe kai da gefen zane. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum. Yawu ya ƙafe. Ta yi lissafi, lissafin bai yi mata daɗi ba. Masu shuka ba za su dawo ba sai faɗuwar rana, in sun dawo ma babu mai zagayowa bayan gidan wani. Shi kuwa in bai same ta a Gwiwa ba, Kazaure zai wuce gidan Tabita, daga nan wa ya san ina. Yana iya kwana a hanya yana neman matar da ke bayan ɗakinsa.

Ta fara addu'a, kalmomin suka watse mata. Sai kawai ta ce, "Ya Yesu, kai ka san ba sata na shigo ba."

Ta kwance dami ɗaya ta riƙa jefa zangarniya sama, ko wani zai ga gero na fitowa daga rumbu ya yi mamaki. In ta jefa biyar, huɗu su dawo mata a ka. Can ta ji awaki sun taru suna tunkuɗar juna a waje, sannan ta ji wani tim, sun ka da tsanin. Ta yi ta jifa har hannu ya ƙi ɗaguwa. Dami uku ta ƙarar. Na irin kuwa ta jawo shi ta zauna a kai.

Daga nan ba ta san tsawon lokacin ba. Hasken ya bar ƙasa ya hau bango. Ta daina gumi, wannan ya fi komai ba ta tsoro, don ta taɓa ganin yadda zafi ya kayar da wani mai sassabe, shi ma sai da gumi ya ɗauke masa. Ta gwada kira, sai iska ta fito. Kamar a mafarki ta jiyo kiran sallar la'asar daga rugar su Inno, Fulanin da ke sayar musu da nono. Bayan shi kuma, babur.

Ya tsaya a ƙofar gida. Ba a yi kira ba. Ta ji taku a hankali, irin na wanda ba shi da inda za shi, ya ratsa tsakar gida, ya zagayo baya. Awaki suka watse. Sai ta ji an jingina da bangon rumbu daga waje, an zame an zauna, daidai inda ita take tsayawa a da.

"Ya Uba," in ji Filibus. "Ya Uba, ban san inda take ba. Na san hanyar gidan kowa a ƙasar nan, ban san inda matata za ta ba."

Kamu biyu ne tsakaninsu. Liyatu ta buɗe baki, babu murya. Ta bugi bango da tafin hannu, laka ta shanye bugun. Ta ji yana motsi kamar zai tashi. Sai ta juya hannu, ta buga awarwaro a bangon. Ɗaya. Biyu. Uku.

Waje ya yi tsit, irin tsit ɗin da yake yi a da in tsohuwa na tafe.

"Maman Tabita?"

Ta sake bugawa sau uku.

"Liyatu!"

Ta ji gudunsa, ta ji ya yi tuntuɓe da wani abu, ta ji tsani ya daki bango. Kansa ya toshe hasken, ya ɓace, sannan igiyar mai ƙulli ta faɗo, shi kuma ya biyo ta da gorar ruwa a rataye a wuya. Ya tallafo kanta. Ta kama gorar da hannu biyu, ya riƙa janyewa.

"A hankali. Kaɗan-kaɗan. Za ki amayar."

Ya jiƙa hularsa ya goge mata fuska da wuya. Sun daɗe a haka, tana kurɓa tana hutawa, kafin murya ta dawo mata, a shaƙe.

"Ina geron?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwauraye biyu a hayi. Da gidan da rumbunsu ya ƙone da rani. Da baƙin taron bishara." Ya dubi ƙafarta. "Na ce zan gaya miki ranar Juma'a."

"Wace Juma'ar?"

Ya sake miƙa mata gorar.

"Da ka tambaye ni ai ba zan hana ba. Da dai na san zurfin ramin da zan faɗa."

"Ke ma kina ji na ɗazu, ko? Da ni da Baba."

"Ina ji."

"Kika yi shiru?"

"Sai in bari Baba ya ga rumbun mai bishara?" Ta kawar da kai. "Daga baya na kira. Har da sunanka."

"Sunana?"

"Ba za ka sake ji ba, kada ma ka sa rai."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da share ido. Ya ce Yaya Barnaba ya wanke shi tas, ya ce in miji bai san inda matarsa take ba, wa zai sani? Ya ce da ya baro can ya kai mararrabar Kazaure ya tsaya, ya rasa da wane baki zai tambayi 'yarsa ko ta ga uwarta, sai ya juyo, ba don yana zaton komai ba, don dai ya zo nan ya zauna.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. A cikin rumbun ƙarar ta cika ko'ina.

"Ɗauka," in ji Liyatu. "Ana nemanka."

Ya ciro ta, ya dubi fuskarta, ya ajiye a kan dami. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji.

"Taso, kafin mutane su dawo daga gona."

"Irin tukuna."

"Bar iri, mace!"

"Saboda shi na shigo. Ba na fita in bar shi."

Ya ɗaura damin a bayansa, ya hau ya jefar da shi waje, ya dawo. Sannan ya durƙusa, ta kama igiya ta taka kafaɗarsa da ƙafa mai lafiya, ya miƙe da ita a hankali yana nishi. Sau ɗaya hannunta ya zame daga ƙulli, suka yi tangal-tangal, ya ce, "Riƙe, ina nan, riƙe!" Ta samu ta ɗora ƙirji a bakin rumbu, iskar yamma ta bugi fuskarta. Ya fito ya goya ta ya sauko da ita a tsanin, taka ɗaya, hutu ɗaya.

Yana mayar da jinka, wayar ta sake ƙara daga can ƙasa.

"Ka bar wayarka a ciki."

"Na sani." Ya daidaita jinkar. "Sai bayan shuka."

Da yamman nan shi ya yi sussuka, tana zaune ƙafa a miƙe tana gaya masa ba haka ake riƙe taɓarya ba. Mai ɗori ya zo ya duba, ya ce targaɗe ne, bai tambayi inda aka samo shi ba.

Washegari da sassafe ya ɗora ta a bayan babur ya kai ta gona, ya shimfiɗa mata buhu a gindin gawo. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara, ɗaya na bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Shi kaɗai ya yi duka biyun: ya sara layi ya tafi, ya dawo ta kansa yana zubawa. Kowane layi a gabanta yake ƙarewa, ta cika masa ƙoƙo, ya tsuguna ya sha ruwa, wani lokaci ya daɗe a tsugune fiye da yadda shan ruwa ke bukata.

Baba Sama'ilu ya biyo ta gefen gona da sandarsa. Ya dubi ɗaurin ƙafar, ya dubi kurjin ƙaiƙayi a wuyanta.

"Malam, a Gwiwan ka samo ta?"

"A'a, Baba. Ashe tana gida."

Tsohon ya jinjina kai. "To, Allah ya ba da yabanya," ya wuce.

Kafin azahar ƙasa ta bushe, sungumi ya fara tayar da ƙura. Ɓangaren tudu gaba ɗaya, kusan sulusin gonar, ba a taɓa shi ba. Filibus ya tsaya yana kallonsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Wancan sai wani ruwan," in ji Liyatu. "Zo ka zauna. Layinka na ƙarshe ma a karkace yake."

Ya jingine sungumi da gawo, ya zo ya zauna.